Yadda Na Haɗa Layina da na Inna

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da hakan ke nufi. Uwarka ba ta kiran sunanka, ba ta dubanka ido da ido, ba ta yi maka magana kai tsaye. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Wancan" nake. In ta ji daɗina in zama "yaron ga", in na ɓata mata rai in koma "mutumin ga". Ko abinci za ta ba ni, sai ta ajiye kwanon a tsakar gida ta ce wa iska, "Ga tuwo nan, in da mai ci." Na girma, na yi aure, na tara ’ya’ya, gemuna ya fara furfura, ina aiki a sashen gona na sakatariyar Bagudo, amma a wajen Inna ina nan a wancan ɗina.

Bayan rasuwar mahaifinmu na yi na yi ta dawo Bagudo ta ƙi. Ta zauna a ƙauyenmu can gaba da Illo, inda awaki ke karyawa a Nijeriya su yi kiwon yamma a Binin ba mai tambayarsu takarda. Ƙanwata, autarmu, tana aure a gidan da ke jikin namu, ita ce tafinta tsakanina da Inna. In na je gaisuwa, in durƙusa a bakin ƙofa, Inna ta juya fuska ga bango ta ce wa auta, "Tambayi wancan ya ya baro mutanen gidan." Auta ta dube ni, ni da na ji komai da kunnena, ta maimaita mini. In ba da amsa, ta kai. Haka muke yi, ba wanda ke ganin abin dariya a ciki sai matata, wadda ’yar Yawuri ce, a gidansu kuma an sassauta wannan kunyar tun zamanin kakarta.

Wayar hannu ta iso mu ’yan shekaru bayan an ƙaddamar da Shari’a. Layi iri biyu kamfanin ke sayarwa a lokacin. Akwai na kowa da kowa, wanda za ka sayi kati ka kankare, ka zuba lambobin, ka yi magana har ya ƙare, wata mata ta fito ta gaya maka da Turanci cewa ba ka da ko sisi. Akwai kuma layin wata, wanda za ka yi ta magana ba kati, sai ƙarshen wata a kawo maka bil ka biya. Ni layin wata na ɗauka. Matata ta ce don a ce ne. Ni kuwa na ce aiki ne, don mutumin da ke rabon taki bai kamata a ji wata mata tana tona masa asiri a gaban manoma ba.

Har limamin unguwarmu sai da ya tsare ni a kan layin nan. Lokacin kowa ya zama mai bincike, ko goro za ka saya sai wani ya tambaye ka hukuncinsa. Ya ce, "Malam, an ce kana magana bashi." Na ce ba bashi ba ne, tsari ne. Ya ce, "Ka yi maganar?" Na ce na yi. "Ka biya?" Na ce sai ƙarshen wata. Ya ce, "To ka dai gaya wa iyalinka, don in ta Allah ta kasance a tsakiyar wata, da aka tambaya ko ana bin mamaci bashi, a san akwai na surutu." Na wuce abina, don in na buɗe baki a ranar ba a san inda za a tsaya ba.

Inna kuwa na saya mata ƙaramar waya da layin kati. A ƙauyen sabis ɗin Nijeriya ba ya kamawa ko’ina sai a kan wani tsohon suri da ke bayan gidanmu, kusa da rumbu. Duk mai son magana sai ya hau shi. Na yi zaton auta ce za ta riƙe wayar, Inna ta riƙa aiko saƙo ta bakinta kamar yadda aka saba. Haka aka yi kuwa, sai a abu guda.

In katinta ya kusa ƙarewa, sai a yi mini filashin, wato a kira a katse don in kira. In na kira, auta ce ke ɗauka, ta ce kati ya ƙare. In aika a sayo, in kankare, in sake kira don in karanta lambobin. A nan ne Inna ke karɓar wayar da hannunta. Ta ce kati kuɗi ne, kuma ba a barin yara da kuɗi. Yarinyar da ake nufi tana da ’ya’ya huɗu. Lamba kuwa a ganin Inna ba magana ba ce, don haka ba ta karya kunya ba. Sai tsohuwar nan ta tattare zane ta hau suri, auta na ƙasa da tsinke tana rubutawa a ƙasa, ni ina Bagudo ina karatu kamar ɗan aji ɗaya.

"Bakwai," in ce.

"Bakwai," Inna ta faɗa wa auta. Can sai in ji ta ce, ba da ni ba, da sararin Allah, "Wasu mutane muryarsu awa ta mai mura. Ko citta ta yi tsada ga birni?"

"Tara."

"Tara. An ce wasu sun yi ƙiba. Ƙibar zaman kujera ba lahiya ba ce."

"Inna, biyu."

"Auta, ce mai shi bar gaggawa, ba kora aka yi ba."

Kati guda sai ya ci mana lokacin da za a dafa shinkafa a sauke. In mun kai ƙarshe ta ce a sake daga farko don a tabbatar. Na taɓa tura lambobin a rubuce ta saƙon waya don in huta. Aka aiko mini cewa na rubutu ba su shiga, sai na baki. Na san ƙarya ce, amma wa zai ce uwarsa ta yi ƙarya? Abin da ya fi ba ni haushi shi ne saurin ƙarewar katin. Mace ɗaya, tsohuwa, wadda iyakar kiranta ƙanwarta ce da ke Malanbil ta ƙasar Binin sai gaisuwar mutuwa jefi-jefi, amma kati ba ya kwana biyu a hannunta. Na zargi auta. Na zargi mijin auta. Har kamfanin na zarga, na ce suna yi wa mutanen ƙauye ƙwange.

Ranar da abin ya kai ni bango muna tsakiyar rabon taki, manoma sun cika harabar sakatariya kowa na rantsuwa ba a ba shi na bara ba, shugaban sashenmu yana tsaye a kaina. Filashin ya shigo, ya sake shigowa, ya sake. Na ɗauka wani abu ne ya faru a gida. Na kira, ashe kati ne. Haka na koma bayan motar taki na tsuguna ina "shida, shida, a’a ba uku ba, shida," ana gaya wa iska cewa wasu mutane ba su zo suna ba da aka yi haihuwa gidan kawunsu. Da na fito, wani tsohon manomi ya dube ni da tausayi ya ce, "Malam, ko caca ce? Ka yi hattara, yanzu bulala aka yi."

A ƙarshen watan na tafi Birnin Kabi biyan bil, don a can ofishin kamfanin yake. Yarinyar da ke kan teburin, mai fara’a da farin gilashi, ta ce ai Alhaji ka zo a daidai. Ban je Makka ba a lokacin, amma ban gyara mata ba. Ta ce da can masu kati da masu layin wata kowa da na’urar da ke yi masa lissafi, ko ga maciji ba sa yi, yanzu kuwa an haɗe su wuri guda. Saboda haka ina iya ɗauko layin kati na wani nawa in sa shi ƙarƙashin nawa. Shi ke nan ya rabu da kankare kati, duk abin da ya kira a bil ɗina zai fito, kuma duk gatan da layina ke da shi nasa ma ya samu. Akwai dai geji da aka sa wa asusun, in an kai shi za a tsayar, amma ta ce da wuya mutum mai hankali ya kai.

Wallahi ji na yi kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Nan take na ba ta lambar Inna. A mota ina dawowa har ina yaba wa kaina, ina cewa wannan shi ne bin iyaye irin na zamani. Na kira auta na yi mata bayani dalla-dalla, na ce ta gaya wa Inna daga yau katinta ba ya ƙarewa, ta kira wanda take so, lokacin da take so. Auta ta ce to, da wata irin murya da ban tsaya na saurara ba.

Sati ya wuce ba filashin. Na ce madalla. Wani satin ya wuce, na fara duba wayar in ga ko a kashe take. Ba zan iya cewa ga ranar da daɗin ya juye ya zama damuwa ba, amma na san na fara jin haushin kowa a ofis ba dalili. Na kira layin Inna, aka ce ana magana. Na sake kira da la’asar, ana magana. Da na samu ya shiga, ita ta ɗauka, na yi sallama, ta ji muryata, sai na ji an ajiye wayar a kan wani abu mai ƙara kamar faifai, ana cewa, "Auta, zo, ana magana." Auta ta zo ta ce kowa lafiya, ta yi sauri ta ce akwai masu jira. Ban gane masu jiran me ba.

Matata ta lura. Ta ce, "Maigida, ko dai lambobin kake kewa? Kawo in kankare maka wani ka karanta mini, ni ma na iya cewa ka yi ƙiba." Na ce ta fita idona. Ta fita tana dariya. Gaskiyar magana kuwa ita ce, kewar muryar Inna nake. Shekara da shekaru ban san ina jin ta ba sai da ta ɗauke. Ga waya a hannuna wadda ba ta ƙarewa, ga wata a hannunta wadda ba ta ƙarewa, amma ba ni da hanyar da zan sa ta ce mini ko "tara".

Ana cikin haka, wata ranar kasuwa da hantsi, na ɗauko waya a gaban dillalan shinkafa zan kira direban sashenmu. Na sa ta a lasifika don su ji da kunnensu cewa mota na hanya. Sai ga matar nan mai Turanci, wadda na ɗauki layin wata musamman don kada mu taɓa haɗuwa, tana sanar da ni da duk wanda ke wurin cewa an tsayar da layina. Wani dillali ya ce, "Ashe ku ma tana yi muku?" Na ari wayar wani na kira kamfanin. Suka ce asusuna ya kai geji, kuma ba layina ne ya kai shi ba, ɗayan ne. Suka ce kusan duk kiran daga ƙasar waje aka yi shi. Na ce wace ƙasar waje, matar da ko Kamba ba ta zuwa? Suka ce su dai abin da na’ura ta nuna ke nan. Da suka faɗi abin da ake bi na, sai da na nemi wuri na zauna. Ragon da nake kiwo don layya shi ya tafi a wannan magana.

Washegari da sassafe na hau babur na ƙetare gulbi na nufi gida, ina tafe ina shirya faɗan da zan yi. Da Inna ba dama, don haka duk na tara shi a kan auta da mijinta.

Tun daga zaure na san akwai labari. Mata ne zaune a tsakar gidanmu, kan tabarmi, wasu da goyo, wasu da ƙullin takarda mai lambar waya a bakin zane. Har da wata Bazabarma da na san ƙauyensu yana ƙetaren iyaka. Da suka gan ni suka hau yi mini addu’a, Allah ya ƙara arziki, Allah ya sa a gama lafiya, ɗa na gari. Wata tsohuwa ta ce ta dalilina ta ji muryar ɗanta da ke Kwatano wanda ta fidda rai da shi. Sai dai tun jiya wayar ta yi shiru, ko zan duba musu? Mutum ya zo da faɗa a baki an tare shi da albarka.

Na ja auta bayan rumbu, kusa da surin, wanda har ciyawa ta fara fitowa a kansa. Ban kai ga buɗe baki ba ta riga ni.

Ta ce tun ranar da na haɗa layin, wayar ta fara kamawa a cikin ɗakin Inna, har ƙarƙashin gado, sandunan sabis cike. Da can in sabis ɗin Binin ya shigo, layin kati ba ya karɓarsa, sai wayar ta mutu kawai. Yanzu kuwa da ta samu gatan layina, ta rungume shi hannu biyu. Su a ganinsu albarka ce ta sauka. Ba wanda ya san cewa a lissafin kamfanin, Inna tana zaune a kan gadonta amma ta yi tafiya ƙasar waje, kowane kira da tsadar baƙunta, har wanda aka kira ta ma sai an caje.

Na ce to na ji wannan. Matan nan fa? Wa ya mayar da gidanmu shagon waya?

Auta ta dube ni kamar yadda ake duban wanda ya yi karatu da yawa. Ta ce, "Yaya, kai har yanzu ba ka gane ba? Da can mi kake zaton ke cinye katin? Duk randa ka sa mata, sai ta aika a kira maƙwabta su yi ta kira har shi ƙare. In ya ƙare ta hau suri."



Ta ce, "Na gaya mata abin da ka ce, wanga ba shi ƙarewa. Ta ce ba abin da ba shi ƙarewa sai mulkin Allah. Ta kira maƙwabta, bai ƙare ba. Ta aika unguwar masunta, bai ƙare ba. Ranar kasuwar Illo har cigiya ta sa aka yi, duk mai ɗa a nesa shi zo. Kullum da sahe sai ta ce in duba mata ko ya kusa. In ce da saura. Ta ce wanga wane irin kati ne mara kunya." Auta ta fara dariya, sai kuma ta tsaya. "Ko abinci ba ta ci sosai kwanan ga. Cewa take ka gaji da ita, shi ya sa ka sayo wanda ba sai an neme ka ba."

Duk faɗan da na ɗauko daga Bagudo ban san inda ya shiga ba. Na tsaya ina duban surin nan, ina tuna tsohuwa mai ciwon gwiwa tana hawansa da rana tsaka don ta ji ana ƙirga mata lamba. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba da kowa ba. Na so in yi kuka, amma mata cike da gida, ga ni da gemu.

Na koma ciki na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta kamar kullum. Tana zaune a bakin gado, fuska ga bango, wayar na kan cinyarta. Ta rame. Auta ta tsaya tsakaninmu a wurin aikinta. Na gaishe ta, aka kai, aka dawo da amsa. Aka tambayi wancan ya ya baro mutanen gidan. Ba ta ce komai a kan murya ko ƙiba ba, kuma rashin faɗin ya fi mini ciwo.

Sai na yi abin da ban taɓa yi ba. Ban dubi auta ba, ban dubi Inna ba, na ɗaga kai na dubi azarar ɗakin na ce mata, "A gaya wa masu gida katin nan ya ƙare. Ya ƙare ƙurmus, har ya haɗa da nawa."

Auta ta buɗe baki za ta kai saƙo, Inna ta ɗaga mata hannu, alamar ta ji. Ta juya wayar a tafin hannunta, ta goge fuskarta da gefen zane.

"Alhamdu lillahi," ta ce.

Daga waje ina jin matan suna tambayar juna ko an gyara. Can Inna ta gyara zama, har yanzu fuska ga bango, ta ce, "Auta, ce ma yaron ga shi bar sayen babba irin wanga. Ƙanana sun hi."

Auta ta juyo za ta maimaita mini, ta ga fuskata, ta fasa.